Butar da ba a zuba wa ruwa

Duk ɗan'uwan da ya iso Paris ya samu aikin gida ko na shagon kayan da, ya riƙe wannan: in an miƙo maka buta da tasa masu ruwan zinariya, ka ɗaure hannunka. Tsaftar da muka tashi da ita, toka da soso da lemun tsami har tukunya ta ɗau ido, ita ce ke halaka kayan nan cikin 'yan mintoci.

Jikinsu azurfa ce, zinariyar shafe ce kawai. A dokar Faransa ta yau, kaurin shafen mikron 5 ne mafi ƙaranci, wato kashi 5 cikin 1000 na milimita. A zamanin da, kwaɓa zinariya ake yi da zaiba, a shafa, a gasa, zaibar ta tashi hayaƙi ta bar zinariyar manne. Hayaƙin nan shi ya riƙa sa wa masu aikin karkarwar hannu da zubewar haƙora, har maƙerin azurfa Christofle ya sayi haƙƙin shafe da lantarki a 1842. Ka goga da ƙarfi, wuraren da suka turo su ke fara fari: leɓen baki, saman mariƙi, tumbin butar. A sake shafe kuwa, darajarta ta faɗi ke nan.

Wankin ba wuya. Safar hannu tukuna, don gumin yatsa na barin shaida. Ruwan ɗumi lita ɗaya, ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa marar turare, auduga, sai burushi mai laushi na shiga lungun zane. A ɗauraye da tataccen ruwa, domin ruwan famfon Paris na barin farin tabo, a tsane nan take. Kada a ɗaga buta ta mariƙi, a tallafi gindinta. Wajen ajiya kuma ban da roba, ban da ulu, ban da jarida: farar wutar da ke tashi daga irinsu tana bi ta ƙananan ƙofofin shafen ta baƙanta azurfar.

Ado shi ke fara gaya maka shekaru. Butar ƙarshen zamanin Sarki Louis XIV kamar hular yaƙi ce da aka kifar, tana tsaye bisa ƙafa guda, zanenta daidai wa daida dama da hagu. Irinta ta yi ƙaranci, don sarkin da kansa ya sa an narke azurfa a 1689 da 1709 saboda kuɗin yaƙi, Louis XV ma ya maimaita a 1759. Ta zamanin Louis XV kuwa ba ta san miƙaƙƙen layi ba: ɓawon kifin teku, ciyayin bakin ruwa, igiyar ruwa, tasar ma a karkace. Thomas Germain ne gwaninta, kuma a ganina ba a sake yin irinta ba. Louis XVI ya zo da natsuwa, jerin duwatsun ado da ganye irin na Rumawa. Sai zamanin Napoleon, na maƙera Biennais da Odiot da Henri Auguste, wanda ya ƙera kayan da birnin Paris ya ba Napoleon a 1804: doguwar buta mai jiki sumul, mariƙinta wuyan tsuntsu ko mace mai fukafukai. Adon waɗannan daban ake zuba shi, a ɗaure da ƙananan kusoshi, shi ya sa ba a tsoma su a ruwa. In ya shige ƙarƙashin adon, ba ya bushewa.

Amma ado na ruɗi, don a ƙarni na 19 an kwaikwayi kowane salo. Hatimi za a duba da gilashin ƙara gani, a gindi ko kusa da baki. Kafin juyin juya halin Faransa hatimi huɗu ne. Zakara daga 1798 zuwa 1819, kan dattijo har 1838, daga nan kan Minerve, allahiyar Rumawa. In hatimin buta bai zo ɗaya da na tasa ba, auren dole aka yi musu a hanya, kuma abin ya zama ruwan dare a kasuwar kayan da ta Saint-Ouen, a gefen Paris.

To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mai saye zai shigo, ya wuce baƙin mutumin da ke riƙe da gilashi yana karanta hatimi, ya nemi mai shago, sannan ya juyo ya ce a kai masa kaya mota. Wanda ya raina ɗin ne ya gano cewa tasar ta girmi butar. Kuma butar nan, da aka ƙera don bara ya zuba wa baƙo ruwa a hannu kafin cin abinci, yau tana kulle a gilashi, baƙo kuwa sai dai a nuna masa hanyar bayi.

Inna a Damagaram har gobe ba ta gane sana'ar ba. Duk Juma'a a waya sai ta ce, "Wai har yanzu wanke-wanken kake yi?" In na ce mata kuɗin butar zai gina gida, sai ta tambaya ko ana alwala da ita. Ƙanena ya ƙi karatu, ya dage sai ya biyo ni, Baba kuma ya zuba masa ido. Na faɗa musu, ya fara zama wata shida wurin maƙeran fari na garinmu ya koyi riƙon azurfa, in ya so a yi maganar kuɗin hanya. Kuɗin makarantar yaran Yaya kuwa sai ƙarshen wata zan aiko.