Gadar ƙarfe ta kogin Severn

Jama'a yau na taka gadar Iron Bridge da ke kan kogin Severn a Ingila, wallahi jikina ya yi sanyi. Tun 1779 Abraham Darby na uku ya kafa ta, in ka leƙa ƙasanta za ka ga an cusa ƙarafan cikin juna kamar yadda kafinta ke haɗa katako, don lokacin ba su saba gini da ƙarfe ba. A 1934 aka hana motoci hawa, yanzu sai dai a ƙafa. Abin da ya fi burge ni, gyaran da aka gama a 2018 sai da suka kankare tsohon fenti suka gano asalin launinta ja mai duhu ne, suka mayar mata da abinta.