Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Na Faɗa wa Nas Gaskiya

Makon jiya na tsaya a inda na gane ina da cikin wata uku, alhali kullum sai na haɗiyi tramol kafin in iya ɗaukar tukunyar waakye daga unguwar Aboabo zuwa kasuwar Kejetia a Kumasi. Ba mai miligiram 50 ko 100 na asibiti ba, mai 225 da ake sayarwa a lungu.

A daren na zuba sauran ƙwayoyin a kwata. Kwana biyu ban runtsa ba: zufa, gudawa, hamma, ƙasusuwana kamar ana daka su a turmi, marata tana murɗawa. Gwaggo ta same ni kwance a kan siminti, ta ce, "Tashi 'yar nan, wannan ya wuce jiƙo." Ta saka ni a trotro sai awo.

Nas ɗin ta tambaye ni me nake sha. Na daɗe ina kallon katina kafin in faɗa. Wallahi zagi na jira, sai ta ja kujera ta zauna, ta kira likita.

Likita ya ce abin da na yi shi ne mafi haɗari. Mai ciki ba ta yanke irin wannan ƙwaya lokaci guda, domin wahalar da uwa ke sha jaririn ma yana sha, tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma da yawa sukan koma ruwa. Shi ya sa tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora mai ciki a kan methadone ko buprenorphine, magungunan da ke maye gurbin ƙwayar, likita na lura. Bai ɓoye min ba: jaririn na iya zuwa da yawan kuka da karkarwa a kwanakin farko, amma ana magance shi, kuma zan iya shayarwa.

Ya tambaya ko ina taɓa giyar akpeteshie. Na ce a'a. Ya ce da ina sha, da hanyar daban ce: kwantarwa, diazepam na 'yan kwanaki da bitamin B1, amma ba za a ba ni disulfiram ba, maganin hana shan giya da ake guje wa ga mai ciki.

Aka ba ni gado. Saura wanda zai faɗa wa maigidana, kuma Gwaggo ta ce ba ita ba. Sai mako mai zuwa, in sha Allahu.