Shanun Dutse na Laon da Sana'ar Gyaran Tsoffin Gine-gine

Kamfanina ƙarami ne, mu shida ne har da ni, kuma aikinmu shi ne gyaran tsoffin gine-ginen dutse a garin Laon da ke arewacin Faransa, inda na yi kaka-gida bayan na tashi a gidan magina a Damagaram. Tsohon garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 100, lungunansa kuma matsattsu ne, saboda haka duk kwangilar da zan karɓa, kafin in taɓa lissafin dutse ko ladan ma'aikata, sai na fara lissafa yadda kayan za su hau sama.

Wannan wahala ta hawa da kaya ita ce ta sa duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina nake fara kai shi gaban majami'ar Notre-Dame, in ce ya ɗaga kai ya dubi hasumiyoyi biyun da ke fuskar yamma. Can sama, a tsakanin siraran ginshiƙai, akwai shanu 16 da aka sassaƙa da dutse, sun miƙo wuya suna leƙen gari. Mutanen garin suna ba da labarin cewa wani sa ya taɓa kasawa yana jan amalanken kayan gini a kan hawan, sai wani san ya ɓullo daga inda ba a sani ba, ya kai kayan sama, ya ɓace. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, maginan sun san wanda ya ɗauke musu nauyi, suka kuma ba shi wuri mafi tsayi a ginin.

Majami'ar da ta riga wannan ta ƙone a shekarar 1112, lokacin da mutanen gari suka yi wa bishop Gaudry, wato shugaban limaman cocin yankin, bore suka kashe shi. An gyara ta, amma wajen 1155, a zamanin bishop Gautier de Mortagne, aka soma sabon gini wanda bai kammala ba sai wajen 1235. An tsara hasumiyoyi bakwai, biyar suka samu. Tsawon ginin ya kai kimanin mita 110, rufinsa daga ciki kuma kimanin mita 24, kuma bangon cikin hawa huɗu ne: manyan bakuna a ƙasa, sai bene mai faɗi, sai jerin ƙananan bakuna, sannan tagogi a can sama. Benen nan ba ado kaɗai ba ne, domin yana tokare bango kada turin rufin ya buɗe shi waje. Ranar da na fara ganin haƙarƙarin dutsen da suka haɗu a tsakiyar rufin, daurin guga na sorayen gida ne ya faɗo mini a rai, sai dai mu azara da laka muke lanƙwasawa, su kuwa kowane dutse sai an yanka shi daidai da maƙwabcinsa. A farkon ƙarni na 13 aka rushe ƙarshen gabas mai zagaye, aka tsawaita shi, aka rufe da miƙaƙƙen bango mai babbar taga zagayayya, abin da ba a cika gani ba a manyan majami'un Faransa.

Juyin juya halin Faransa ya soke kujerar bishop ta Laon a 1790, aka haɗa yankin da na garin Soissons, don haka yau majami'ar gari ce ta Katolika, ko da yake bakin jama'a bai daina kiranta da tsohon matsayinta na majami'ar bishop ba. Daga 1853 masanin zanen gine-gine Émile Boeswillwald ya jagoranci babban gyara, bayan fuskar ginin ta yi rauni ƙwarai.

Ba mu taɓa sa hannu a jikin majami'ar ba, gyaranta na manyan kamfanoni ne, amma gidajen da ke gindinta da irin dutsenta mai laushi aka gina su, kuma ciwonsu ɗaya ne. Bara mun karɓi aikin wani gida da wani magini ya cike tsakanin duwatsunsa da siminti shekaru da dama da suka wuce. Siminti ya fi dutsen ƙarfi, ba ya kuma barin danshi ya fita, sai ruwa ya taru a cikin dutsen, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa barewa. Na goga yatsa a jikin wani, ya zubo kamar garin tuwo, simintin kuwa yana tsaye cak. Mako uku muka yi muna ƙwaƙule shi da ƙaramar guduma, ba da inji ba, don kada mu fasa gefen duwatsun, sannan muka mayar da kwaɓin farar ƙasa da yashi, muka lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna don ya bushe a hankali. Mai gidan ya so mu ƙarasa bangon baya a watan Disamba, na ce masa farar ƙasa ba ta kamawa cikin ƙanƙara, muka kwance ƙarafan hawa muka sauko da su ƙasan tudu, sai a watan Afrilu muka sake hawa da su.