Ranar da takarda ta iso shagon famfo

Shagona yana unguwar Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru, ɗaki ɗaya da rumfar kwano inda muke jingine bututu. Mu bakwai ne a ciki: ni, da manyan yarana biyu, da 'yan koyo uku, sai wani matashi da ya shigo mana daga baya. A nan gari fulombiye ake ce mana, da bakin Faransanci, in ka tsallaka Yola kuma ka ji ana cewa falamba. Mahaifiyata dai har ta koma ga Allah "mai famfo" take kirana.

Bara waccan wata ƙungiya mai zaman kanta ta nemi wanda zai ja ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, daga tanki zuwa banɗakuna takwas, a wata makaranta da ke bayan gari. Irin aikin da ko cikin barci aka tashe ni zan yi shi. Na je na auna, na fitar da farashi, na biya mai kwamfuta ya buga mini. Da na kai, matar da ke karɓar takardu ta buɗe wani shafi ta nuna mini da biro. Ana son kowane ma'aikaci a haɗa da kwafin takardar shaidar karatunsa, wadda hukuma ta buga wa hatimi, da tambur na sefa 1,500 manne a kai. Ta ce, "Alhaji, ina na mutanenka?" Na ce hannuwansu ne takardunsu. Ta yi murmushi, ta turo mini fayil ɗina.

Aikin ya tafi hannun wani kamfani mai takardu cike da jaka. Bayan wata biyu mai kamfanin ya kira ni a waya, ya ce yana neman masu aikin hannu. Mu muka haƙa, mu muka shimfiɗa bututun, mu muka ɗora tankin, a kan kuɗin da bai kai rabin abin da na rubuta ba. Sunansa ne a jikin allon da aka kafa a ƙofar makarantar. Na karɓi aikin don yara suna da iyali, amma abin ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifin Binuwai.

Ni ta hanyar iyaye da kakanni na koyi sana'ar. A 1997 mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin maigidana da ƙullin goro, ya ce, "Ga amana." Shekara biyu ban taɓa bututu da sunan haɗawa ba, sai ɗaukar jakar kayan aiki, da fasa bango da guduma da kurfi, da sayo shayi. Lokacin bututun ƙarfe ne, galba. A ɗaure shi tam, a yanka masa haƙora da hannu ana ɗiga mai, a naɗa masa zaren rama a shafa man liƙi, sannan a murɗa har sai kafaɗa ta yi ƙara. Wanda ya yanka haƙoran bututu mai kauri da tsakar ranar watan Afrilu a Garwa, zafi ya haura 40, shi ya san abin da ake kira sana'a. Bayan shekara shida aka yaye ni. Maigida ya ba ni sifana biyu da awo, malamai suka yi addu'a, aka ci shinkafa. Shaidata ke nan, kuma ta ishe ni shekara ashirin, domin a gari ɗaya muke da masu gidajen, kowa ya san yaron wane ne kai.

Tun wancan lokacin ma akwai hanyar makaranta, sai dai ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Yaro ya gama firamare ya shiga CETIC, wato sakandaren koyon fasaha, ya yi shekara huɗu a sashen haɗa kayan ruwa da banɗaki, ya fito da takardar shaidar iya sana'a da ake kira CAP. A ƙananan garuruwa kuma akwai SAR/SM, inda ake koya wa yara sana'ar hannu shekara biyu. Mu 'yan shago muna yi musu kallon 'yan alli, su suna yi mana kallon jahilai, kowa na cin tuwonsa.

Abin ya soma sauyawa a hankali. A 2004 aka kafa ma'aikata ta musamman mai kula da samar da aiki da koyar da sana'a, wadda ake kira MINEFOP. Ranar 11 ga Yulin 2018 aka sa hannu a dokar da ta tsara koyon sana'a a Kamaru baki ɗaya. Daga 2019 zuwa 2025 Issa Tchiroma Bakary, ɗan nan Garwa, shi ya riƙe ma'aikatar, shi ya sa maganar ta yi ta yawo a majalisun gari fiye da yadda za ta yi. Ana mayar da tsoffin SAR/SM cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM. An ce koyarwa ta koma kan abin da yaro zai iya yi da hannunsa, a rage hadda. Takardun da ma'aikatar ke bayarwa bayan jarrabawar ƙasa, CQP da DQP, suka fara shiga bakin mutane. Cibiyoyi masu zaman kansu suka yi ta ɓullowa, kowace da allonta. A nan zan ja kunnen iyaye: kafin ka zuba kuɗin makaranta, ka ce a nuna maka takardar amincewar ma'aikata. Na san wanda ya sayar da bijimi, ɗansa ya fito da takarda mai ado wadda shugaban cibiyar kaɗai ya sa wa hannu.

Kayan aikin su ma ba su tsaya jiranmu ba. Galba ta ja baya, bututun roba na PVC mai gam ya shigo, sai PPR, koren bututun nan da ake narkawa da na'ura a haɗe. Ayyukan da aka yi a gari kafin gasar cin kofin Afirka, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Roumdé Adjia a farkon 2022, sun sa mun ga kaya da tsarin aiki da da can sai a Duwala. Masu gidaje kuma suka koma haƙa burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana, kowa na son tankinsa a sama don kada ya zauna jiran ruwan gari.

Bayan abin da ya faru da kwangilar nan na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wata cibiya ta turo mini matashi ya yi wata uku na sanin makamar aiki kafin jarrabawarsa ta DQP. Da ya ci, na riƙe shi, kuma gaskiya don takardarsa na riƙe shi, ba don hannunsa ba. Hannun nasa laushi kamar na mai sayar da turare. Ya gaya mini na'urar narka bututu ɗaya ce a ajinsu, ga ɗalibai da yawa, ga wuta na ɗaukewa, don haka haɗin da ya taɓa yi da kansa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Makonsa na farko ya bar bututu a kan na'ura ya wuce ƙa'ida, ya danna da ƙarfi, robar ta narke ta toshe ramin daga ciki. Daga waje haɗi kyakkyawa, ruwa kuwa ba ya wucewa. Sai da muka sake fasa tayil ɗin wata Hajiya, na saya mata sabo daga aljihuna. Abin dariyar shi ne ya san lissafin da ka: zafin na'ura digiri 260, bututu mai lamba 20, wato mai kaurin milimita 20, daƙiƙa biyar a kanta, mai 25 daƙiƙa bakwai, mai 32 daƙiƙa takwas. Babban yarona bai taɓa jin waɗannan lambobi ba, amma da ido da warin robar yake sanin lokacin cirewa, kuma ban taɓa kama shi da toshewa ba.

Yara suka sa masa suna Injiniya, da zolaya. Ba a daɗe ba sunan ya zauna da gaske. Wani Alhaji a Marouaré ya kira mu, gidansa bene ne, ruwan wanka a sama sai ɗiga yake kamar hawaye. Babban yarona ya ce a sa injin ƙara ƙarfin ruwa, ni ma abin da zan ce ke nan. Matashin nan ya hau ya auna, ya sauko ya ce, "Maigida, a ba ni izini in yi magana." Ya ce kowane mita goma na tsawo shi ke ba da ƙarfin ruwa ma'auni ɗaya, wanda suke kira bar, tankin nan kuwa mita biyu kawai ya ɗara kan shawa, kuma wanda ya yi aikin farko ya sauko da siririn bututu mai lamba 20 tun daga gindin tanki. A ɗaga tankin, a sauko da mai 32, a rage gwiwoyi. Muka yi haka, ruwa ya zo. Alhaji ya huta da sayen inji da biyan kuɗin wuta, ni kuma na yi shiru a mota har muka iso shago.

Daga wurinsa muka koyi karanta zanen gini. Shi ya sa muka daina auna gangaren bututun ƙazanta da ido, muka koma santimita ɗaya zuwa biyu a kowane mita, da ma'aunin ruwa a hannu. Shi ya bayyana mini dalilin da wasu banɗakuna ke wari duk tsabtar matar gida: babu bututun shaƙar iska a sama, sai ruwan da ke kwance a lanƙwasar ƙarƙashin masai ya tsotse, wari ya samu ƙofa. Kuma shi ya matsa mini na sayi famfon gwaji. Yanzu ba ma rufe bango sai mun cika bututu da ruwa, mun matsa shi, mun zauna muna kallon allura. In ta sauka, akwai inda ke yoyo, ko wane ne ya haɗa.

Saboda haka ni yanzu ba na cikin masu zagin takarda. Na ga ɓarnar da rashin sani ke yi. Yaro ya yi wata uku a shago ya gudu, ya sayi sifana a kasuwa, gobe ka gan shi yana haƙa wa mutane ramin masai taku kaɗan daga rijiyar da suke sha. A ƙasar da kwalara ke leƙo mu da damina, wannan ya wuce a ce kuskuren sana'a. In takarda za ta tace irin waɗannan, ina maraba da ita.

Inda nake da magana shi ne kan mutane irin babban yarona. Dokar 2018 ta buɗe wata ƙofa da ake kira VAE, wato a duba ƙwarewar da mutum ya tara a bakin aiki a ba shi takarda a kanta, ba sai ya koma aji ba. Da na ji haka na ce to, an tuna da mu. Sai muka fara tattara abin da ake bukata, muka ci karo da katangar farko tun kafin a zo maganar famfo: ba shi da takardar haihuwa. A ƙauye aka haife shi, ba wanda ya kai sunansa ofishi, irin dubban yaran arewa. Wanda lokacin rajistarsa ya wuce kuwa sai ya bi ta kotu da shaidu, alƙali ya yanke hukunci, sannan a rubuta masa. Katanga ta biyu harshe. Mutumin nan yana jin Hausa da Fulatanci, yana rubuta ajami tsaf, yana da Faransancin kasuwa da na wurin gini. Amma a ce ya zauna ya rubuta tarihin aikinsa na shekara goma sha biyar da Faransancin ofis, ya kare shi a gaban masu tantancewa, an ɗora masa jarrabawar da ba ta famfo ba ce. A ganina a kai shi gaban bango, a ba shi bututu da na'ura da zane, a sa famfon gwaji, a yi masa tambaya da harshen da yake mafarki da shi. Wanda zai yi tafinta ba ya wuya a Garwa.

Sai mu masu shaguna. Yawancin masu aikin famfo a garin nan daga ƙarƙashin rumfa irin tawa suka fito, kuma cibiyoyin da kansu wurinmu suke turo ɗalibansu su ga aiki. Bututun da ɗan koyo ya ɓata, da tayil ɗin da ya fasa, da abincin ranarsa, duk a wuyan maigida suke. Ya kamata shekarun da yaro ya yi a shagon da aka sani su shiga lissafi kai tsaye, a ba maigida littafin da zai riƙa cikewa, a riƙa zuwa ana dubawa. Ba zan ɓoye ba, akwai tsoro a zukatanmu: ranar da yaro ya riƙe takarda zai nemi ƙarin kuɗi, ko ya tafi Yawunde. Wasu abokan sana'ata saboda wannan kaɗai suke ɓoye wa yaransu labarin VAE. Ni ma na yi wannan tunanin dare biyu ko uku, sai na tuna maigidana bai riƙe ni ba da lokacina ya yi.

Na je gaishe shi ranar Juma'ar da ta wuce, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na ba shi labari duka. Ya ce, "To kai, wa zai ba ka taka takardar?" Na ce, "Baba, sai na fara da yara." Ya yi dariya har da tari, ya ce in an tashi a rubuta sunansa a layi shi ma.

Yanzu mun sayi babban littafi. Kowane aiki muka gama, Injiniya yana rubuta kwanan wata da unguwa da irin bututu da wanda ya haɗa, a ɗauki hoto da waya kafin a rufe bango, mai gida ya sa hannu. Ranar Asabar bayan la'asar yana koya wa sauran karanta zane da sunayen kaya da Faransanci a jikin ƙofar shago da alli, babban yarona kuma yana sa shi haɗa guntayen PPR ashirin ashirin, yana yanka kowanne gida biyu don a ga cikinsa. Makon jiya uku kawai suka toshe. Maganar takardar haihuwar babban yarona kuma an ba mu rana a kotu wata mai zuwa, kuma kawunsa ya yi alkawarin zai zo daga ƙauye ya tsaya shaida, in na biya masa kuɗin mota.