Mun tare, Alhamdulillah: godiya ga duk wanda ya sa hannu a ginin nan

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Cikin ikon Allah mun tare a gidan da muka gina wajen Janguza, kan hanyar Gwarzo in an wuce sabuwar Jami'ar Bayero, an yi saukar Alƙur'ani an yi walima ranar Asabar an watse lafiya. Tun ranar wayata ba ta huta ba, kira da saƙonni da addu'o'i, na ga in na ce zan bi kowa ɗaya bayan ɗaya dole in tsallake wani, shi ya sa na zauna in rubuta a nan kowa ya gani. Ku yi haƙuri zai ɗan yi tsayi.

Godiya ta farko ta Allah ce, Shi Ya ba da filin Ya ba da lafiya Ya kawo mutanen kirki. Sai Hajiyarmu, wadda tun ranar da aka kafa turaku aka ja igiya ba ta taɓa sallah ba ta sa ginin nan a addu'a ba, kuma duk lokacin da na je gaishe ta da fuska a ɗaure ita ce mai ce min in bi a hankali kar in ci bashin da zai hana ni barci. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana Hajiya.

Sai uwargida maman yara. Wallahi duk wanda ya shigo ya yaba tsarin gidan nan, to ya sani yawancinsa daga kanta ya fito. Ranar da muka je wajen mai zanen gida, da takarda ta je, ta rubuta duk abin da ya ishe ta a gidan haya: buhun shinkafa a bayan ƙofar ɗakin kwana, manyan tukwanen biki a ƙarƙashin gado, akwatuna jibge a kan wadirof suna shan ƙura, jarkar man girki a lungun falo an rufe ta da zani saboda baƙi. Ta ce masa ita ba ta neman ƙaton falon da sai da sallah ake cika shi, a rage shi a ba ta sito mai kyau a jikin kicin. Haka aka yi kuwa. Siton nan ƙafa 8 ne da 10, ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta cikin kicin ɗaya mai faɗi ta tsakar gida, yadda in an sauke buhunan masara da gero daga Dawanau mai ɗauka zai wuce da su kai tsaye ba sai ya ratsa falo da ƙura da ƙaiƙayi ba. An ɗaga dandamali a ƙasa don kar buhu ya taɓa siminti ya ja danshi, a bango an zuba kanta uku na kankare wanda gara ba ta da abin ci a jiki, can sama kuma ƙananan tagogi biyu masu fuskantar juna da raga mai ƙarfi, iska na wucewa ɓera bai samu hanya ba. Hajiya da ta leƙa ta ce ai wannan rumbu ne aka shigo da shi birni. Bayan shi akwai ƙaramin sito na waje ƙarƙashin matakalar hawa wajen tanki, nan gawayi da turmi da taɓarya da tabarmin taro da janareta suke, kowanne da wurinsa. Wadirof ɗin ɗakuna ma da bulo aka fitar da su tun ana gini har sama zuwa silin, saman na barguna da kayan sanyi da akwati, ƙasan na kayan sawa na yau da kullum, ba sai mun zo muna sayen katako yana cin rabin ɗaki ba. Har kantar takalma ta sa aka yi a soro. Na gode ƙwarai, Allah Ya bar mu tare, kuma ban manta da kuɗin adashinki da kika miƙo min lokacin rufi ba tare da na tambaya ba.

Shi kuma mai zanen, ƙanin abokina ne, ya hana ni kama sunansa amma ya san kansa. Yaron nan kafin ya ja layi ɗaya sai da ya zo filin da safe ya sake zuwa da la'asar, ya duba inda rana ke duka da inda ruwa ke bi in an yi sama. Fulotin ƙafa 50 ne da 100, ya ce kar mu cinye shi duka da gini, a bar tsakar gida ta shanya da wasan yara da shan iska lokacin zafin Afrilu. Ɗakunan kwana ya janye su daga bangon yamma saboda ranar yamma ita ke gasa ɗaki har cikin dare, ya jera banɗakuna a wannan ɓangaren su tare zafin, kuma ya juya zaman masai kudu da arewa don kar a fuskanci alƙibla ko a ba ta baya, abin da ya faranta min rai sosai don ban ma kai ga faɗa masa ba. Kowane ɗaki taga biyu a bango daban-daban. Ɗakin baƙi da banɗakinsa suna jikin soro, baƙo namiji zai kwana ya tashi ya yi alwala a famfon waje bai shiga cikin gida ba, mata na sakewarsu. Ɗakin Hajiya na in ta zo kwana biyu babu tudu ko matakala ko ɗaya saboda gwiwarta, har ƙarfen dafawa aka kafa mata a banɗaki. Sokawe ya kai shi can ƙarshen fili ta gaba, rijiyar burtsatse a ɗaya ƙarshen, ya ce wannan ba abin wasa ba ne in ana son ruwan sha mai tsafta. Abin da ya fi nacewa a kai shi ne a ɗaga fandisho sama da titi sosai, don unguwa sabuwa ce, ranar da aka zo aka cike hanya aka yi kwalta da kwalbati gidajen da ke ƙasa su ruwa ke komawa ciki, kuma duk wanda ya zauna a Kano ya ga irin wannan da idonsa a watan Agusta. Ya ci bulo da ƙasar ciko ba kaɗan ba amma ban yi da-na-sani ba. Shi ya bi min takardun izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, har suka fito. Allah Ya yi wa sana'arka albarka ƙanina.

Ginin nan fa bai tafi a miƙe ba. Mun fara da ƙarfinmu, sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin tifar yashi da tsakuwa ya tashi, rodi a Ƙofar Ruwa ka tambaya yau gobe ka koma an ƙara. Farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, har gwamnati ta zauna da masu kamfanonin aka ce ya dawo tsakanin 7,000 da 8,000, mu dai a lokacin aiki ya riga ya tsaya cak a linta. Damina guda gini na tsaye ba rufi, ciyawa ta fito a cikin ɗakuna har gwiwa, in na je dubawa sai in tsaya a bakin ƙofa in kasa shiga. A wannan lokacin ne na san mutanen da Allah Ya ba ni. Yaya babba, kai ka je wajen mai bulo ka biya sauran kuɗin da yake bina ba ka faɗa min ba, sai da na je ba shi haƙuri ya ce ai an biya. Abokina mai tifa, ka yi ta kawo min yashi kuɗin mai kawai kake karɓa. Abokan aikina da kuka sa ni a gaba a layin adashi alhali ba ni ne da ɗauka ba. Maigidan da muke haya a gidansa a Ɗorayi, Baba, ka ɗaga min ƙafa wata da watanni ba ka taɓa aiko yaro ko ka canza min fuska ba. Ba ni da abin biyanku, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna.

Masu aiki kuma dole in tsaya a kanku. Birkilanmu dattijon kirki, wanda in layi ya karkace ko yaya ne sai ya sa an rushe an sake, kuma bai taɓa yarda a ƙara yashi a kwaɓi don siminti ya yi auki ba, in kaya sun ƙare gara ya ce min sun ƙare. Shi ya dage a yi ta ba gini ruwa safe da yamma bayan an zuba kankare. Kafinta da ya raka ni 'yan katako a Na'ibawa ya zaɓi busasshen katako da hannunsa, ya shafe shi da maganin gara kafin ya hau, ya ɗaure rufin da kyau ta gabas inda iskar hadari ke bugowa. Mai wayarin da ya ba ni shawara a binne bututun sola tun kafin fulasta ko da ba yanzu za a saka ba, don kar a zo ana fasa bango daga baya. Mai famfo, mai walda, mai tayil, mai fenti, da leburorin da suka yi ta ɗaukar kwanon kankare a ka har cikin azumi da rana tsaka, wallahi ina ganinku kuma ina jin nauyinku. In akwai wanda na ɗaga wa murya a wajen aiki ya yafe min don Allah.

Sababbin maƙwabtana, tun ba ku san ni ba kuka karɓe ni. Maƙwabcina na dama ya ja mana tiyo daga rijiyarsa muka yi ta aiki kafin a haƙa tamu, ya ba ni soronsa na ajiye siminti don kar danshi ya kama shi, yaransa ke leƙa min rodi da dare. Mai unguwa ya tsaya da kansa aka tabbatar da iyakar fili ta kowane ɓangare a gaban shaidu. Liman da jama'ar masallaci sun zo sauka tun da sassafe. Matan unguwa da 'yan uwan uwargida kuwa tun daren Juma'a suke kan murhu, ga masu wanke-wanke ga masu jera kaya, Allah Ya saka da alheri.

Wanda bai ga kansa a rubutun nan ba ya yi min afuwa, yana raina. Waɗanda kuma gininsu ke tsaye yanzu a fandisho ko a linta, na san abin da kuke ji, ina roƙon Allah Ya buɗa muku ku ƙarasa cikin rufin asiri, masu haya Allah Ya ba ku naku. Saura dabe a tsakar gida da fentin katanga ta waje, sai kuma bishiyoyi da nake so in dasa in damina ta faɗi, darbejiya a ƙofar gida da mangwaro da lemon tsami a ciki. Waɗanda ba su samu zuwa walima ba ƙofa a buɗe take, ku kira ni in kun iso Janguza in turo yaro ya shigo da ku, don lungun namu bai da suna tukuna.