Wata tara a gidan kyarketai

Jiya na miƙa makullai bayan wata tara ina aikin sa-kai a wani gidan kula da kyarketai a duwatsun Kolorado, a gefen karatun likitancin dabbobi da ya kawo ni Amurka. Na so in tafi shiru, amma maganar Toka ta tsaya mini a wuya.

Toka ruwa biyu ce, uwa karya, uba kyarkeci. Wani ya saye ta tana 'yar kwikwiya don a ce yana kiwon kyarkeci. Da ta kai shekara biyu ta fara haƙa ƙarƙashin katanga tana yayyaga kujeru, sai ya kawo mana ita. Yawancinsu haka suke zuwa: gida ya gagare su, daji kuma ba nasu ba ne. Ga shi jihar nan ce ta kaɗa ƙuri'a a 2020 a dawo da kyarketai daji, aka saki goman farko a Disamba 2023, su Toka kuwa suna bayan shingen waya.

Wata Asabar a Fabrairu shugabarmu ta zo da wani attajiri mai ba mu tallafi, ta ce in kai shi bakin waya ya ɗauki hoto. Na san baƙo ba ya ƙetare igiyar da aka gitta a gaban wayar. Na san lokacin barbara ne, ransu a kusa yake. Amma na ja bakina, don kada a ce ɗalibin Afirka ya fiye gardama. Mutumin ya zura hannu. Toka ta cafke shi, haƙori biyu a bayan hannu, jinin ma bai cika cokali ba.

Karen gida in ya yi cizo, killace shi ake yi kwana goma a sa masa ido. Ruwa biyu kuwa, hukumar Amurka ba ta amince allurar rigakafin haukan kare tana aiki a kansu ba. An yi wa Toka allurar, amma a takarda tamkar ba a yi ba. Aka kashe ta, aka aika kanta ɗakin gwaji. Ni na riƙe ƙafarta ta gaba har ta saki. Sakamako ya dawo, ba ta da komai.

A taron Litinin shugaba ta ce "wani" ya karya doka, ta tsura mini ido. Ban tanka ba. Hoton attajirin na nan rataye a ofis.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada ka buɗe ƙofa ta biyu sai ka rufe ta farko. Kada ka ba su baya in kana ɗauke da naman barewa.

Sabon yaron da ya karɓe ni ya tambaye ni ko akwai abin da zan ce masa. Na kai shi wurin igiyar nan na ce, duk ranar da Madam ta ce ya ƙetare ta da baƙo, ya ce ta rubuta masa da hannunta.