Ma'aunin da ya ruɗe ni: darussa kan sitak da lokacin gudu

A ƙarshen wannan watan zan ajiye aiki a kamfanin da na shafe shekara huɗu ina rubuta wa manhajar da ke tafiyar da inbatar sola, kuma cikin duk abin da ya same ni a wurin, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar ranar da na sa hannu cewa sitak ɗinmu, wato wurin da manhaja ke ajiye bayanan wucin gadi a ƙwaƙwalwar na'ura yayin da take gudu, ya wadatar alhali ban tabbatar ba.

Muna amfani da guntun Cortex-M4, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikin inbatar, tare da FreeRTOS, tsarin da ke raba wa ayyukan manhajar lokaci. Hanyar da na bi ita ce wadda kowa ke bi: tsarin yana cika sitak ɗin kowane aiki da alamar 0xA5, a bar na'ura ta yi ta gudu, sannan a duba inda alamar ta goge. Mako biyu muka yi muna gwaji, aikin da ke adana rahoto bai ci ko rabin wurinsa ba. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, na nemi kwana uku in bi kod ɗin ba tare da an kunna shi ba, in lissafa kiran da ya fi kowanne zurfi. Shugaban sashenmu ya ce, "Injiniya, abin da ya yi mako biyu bai faɗi ba, me kake nema a cikinsa?" Na yi shiru na sa hannu, wannan kuwa laifina ne.

Bayan kayan sun isa hannun masu saye sai ƙorafi ya fara zuwa, wai inbata tana mutuwa ta sake tashi daidai lokacin da wutar layi ta dawo. Da na tono, sai na tarar akwai wani reshe da ke buga saƙon kuskure da printf (fankishin, wato yankin kod da ake kira, mai buga rubutu), da lamba mai ɗigo a ciki, wanda gwajinmu bai taɓa bi ta kansa ba ko sau ɗaya. Idan katsalandan, wato siginar da ke dakatar da aikin da ke gudu don guntun ya kula da wani abu na gaggawa, ya faɗo a wannan zurfin, guntun yakan ɗora rajistocinsa a kan sitak ɗin aikin da ke gudu, kuma da yake sashen lissafin lamba mai ɗigo yana kunne, bayit 104 yake ɗorawa maimakon 32. Sitak ya ambaliya, ya taka bayanan maƙwabcinsa. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, abin da ya faru a ɗakin gwaji ya faɗa mini, ni ne na ɗauke shi a matsayin abin da zai iya faruwa.

Da na kunna -fstack-usage a GCC, manhajar da ke harhaɗa kod ɗinmu, don ta nuna sitak ɗin da kowane fankishin ke ci, na haɗa lambobin da taswirar wanda ke kiran wani, yini ɗaya ya isa in ga ramin. Sai dai nazarin ma ba tsafi ba ne: ba ya ba ka adadi a kan laburaren da ba kai ka harhaɗa ba, kuma duk inda aka kira fankishin ta hanyar manuni (adireshinsa maimakon sunansa), kai za ka gaya masa inda kiran ya nufa. A nan na gane dalilin da ya sa ƙa'idojin MISRA C, na rubuta kod mai aminci, suka hana fankishin ya kira kansa. Na kuma karanta shari'ar Toyota da aka yi a Oklahoma a 2013, inda masanin manhaja Michael Barr ya shaida cewa sitak ɗin manhajar injin motar yana iya kai kashi 94 cikin ɗari, ba 41 da kamfanin ya ambata ba.

Lokacin gudu ma haka yake. Madaukin sarrafawarmu yana zagayowa sau 20,000 a daƙiƙa, wato maikurosakan 50 kacal gare shi, kuma mafi tsawon lokacin da ka auna ba shi ne mafi munin hali ba. Manhaja irin aiT ta kamfanin AbsInt na Jamus tana fitar da iyakar sama ta lokacin gudu, amma sai ka ba ta iyakar duk madaukin da ta kasa ganowa.

Kada ka sa hannu kan adadin da ba za ka iya nuna inda ya fito ba. Buƙata kuma a rubuce ake yin ta. A taron da aka yi bayan an janye kayan, shugaban nan ya ce bai tuna na nemi kwana uku ba, ni kuwa a bakin ƙofar ofishinsa na nema, da baki. Rubutun lissafin sitak da na saka a tsarin harhaɗa manhaja yana nan, kuma tun daga lokacin sau biyu ya hana a fitar da sabon zubi.